Baba a Hannun Mutanen Sama

Ƙarar ta fara ne bayan sallar isha'i, Auta tana ninke ɗinkunan da za a zo karɓa. Ƙwas, ƙwas, sai shiru, sai kuma a ci gaba. Ba ɓera ba ne, ba kuma famfo ke ɗiga ba. Ta bi bango da kunne har tagar ɗakin mahaifinta. Yana tsugune a lungu, yana buga cokali a jikin bututun ruwa, ya manna kunne da ƙarfen kamar mai jiran amsa.

"Baba, lafiya?"

Ya cusa cokalin a aljihu, ya dube ta sama da ƙasa.

"Je ki gaya wa shugabanku ba ni da ta cewa."

Tun da tsufa ya fara taɓa masa tunani take kulle shi ta waje in za ta shago, don akwai ranar da aka tsinto shi a tasha ba takalmi, yana neman motar da za ta kai shi wurin aikin da ya bari tun tana goye. Don kada kaɗaici ya yi masa yawa ta sayo ƙaramin talabijin, ta sa mai tura fina-finai na bakin kasuwa ya cika mata filas, ɗan abin da ake soka wa talabijin, da fina-finan dabbobi, tunda Baba mutum ne mai son kallon zaki da kada.

Da safe ta tarar da shinkafar jiya yadda ta ajiye ta. Tun shekaranjiya bai sa komai a bakinsa ba, ga shi da ciwon suga. Ta buɗe ƙofar gaba ɗaya, ta ja gefe.

"Fito mu sha iska, Baba."

"Na san wannan tarkon. Haka kuka yi wa mai gemun nan."

Maman 'yan biyu, maƙwabciyarta, ta shigo aron tsintsiya ta tsaya tana kallo.

"Wane mai gemu kuma? Tela, anya ba mutanen ɓoye ba ne suka shafe shi?"

Auta ta ɗauko talabijin ɗin zuwa falo ta kunna. Babu zaki, babu kada. Wani jirgi ne kamar murfin tukunya yana shawagi cikin taurari, a cikinsa wasu halittu masu dogon kai sun zuba mutane a ɗakunan gilashi. Suna turo musu abinci, suna ba su ƙwayoyi. In za su shiga wurin mutum sai su ari fuskar ɗansa ko ta matarsa. Can wani fursuna mai gemu ya durƙusa yana buga ƙarfe a jikin bututu.

Ba ta buɗe shago ba ranar. Ta wuce kai tsaye rumfar mai tura fina-finai, ta dangwara masa filas ɗin a kan tebur.

"Dabbobi na ce maka."

"To, Anti, waɗannan mutane ne? Dabbobi ne mana, na wata duniyar ne kawai. Kowa yanzu su yake nema."

"Tsohona ya daina cin abinci saboda su."

Ya sosa ƙeya, ya rage ƙarar kiɗan da ke tashi a rumfar.

"Yaya ake ƙarewa? Suna kuɓuta?" ta tambaya.

"Wallahi kashi na biyun bai fito ba tukuna."

"To me suke ci a ciki, tunda ba su mutu ba?"

"Ba sa taɓa na dodannin. Sai ɗan abin da wani fursunan ya ɓoyo a riga, su raba."

A cikin motar haya ta yi ta shirya maganar da za ta warware wa Baba da ita, amma duk inda ta kamo sai ya kuɓuce. Ta ce masa ba a kulle yake ba? Makullin yana jakarta. Ta ce ba a tura masa abinci a fita, ba a ba shi ƙwaya? Ta rasa ta inda ya yi kuskure, har ta wuce layinsu sai da kwandasta ya taɓo ta. Ta sayi burodi a kanti, ta cusa shi cikin mayafi.

A ƙofar ɗakin Baba, Maman 'yan biyu ta riƙe makullin da Auta ta miƙa mata kamar an ba ta garwashi.

"In tura ki? Ke ma abin ya kama ki ke nan?"

"Ki tura ni da ƙarfi, ki kulle. Kada ki yi dariya."

Auta ta faɗa ɗakin, gwiwarta ta bugi siminti da gaske. Ta ji kwaɗon ya datse a bayanta. Ba ta taɓa jin ƙararsa daga ciki ba. Ta ja jiki ta jingina da bango.

Baba ya daɗe yana kallon ta. Sannan ya rarrafo, ya kama fuskarta da hannu biyu yana juyawa.

"Auta? Ke ce ta gasken?"

"Ni ce, Baba."

"Har ke sun kamo. Allah ya isa." Ya sassauta murya. "Akwai wata da suke turowa da fuskarki, har da muryar. Amma na gane ta. Ba ta zama. Kullum a tsaye take, hannunta a kan ƙofa."

Ta zaro burodin daga mayafi ba tare da ta ɗago kai ba. Ya leƙa taga, ya kare shi da jikinsa, ya gutsura biyu, ya ba ta babban.

"Ci, uwata. Kada su gani."

Ya yi bisimilla ya kai loma. Ta zuba wa maƙogwaronsa ido har ya haɗiye, ya sake gutsura. Ya zaro cokalin ya damƙa mata, ya nuna bututun da haɓa.

"In kin ƙoshi ki karɓe ni. Hannuna ya gaji."

A waje aka ji motsin takalmi, sannan aka ƙwanƙwasa a hankali.

"Tela," in ji Maman 'yan biyu, bakinta a jikin ƙofa. "To yanzu yaushe zan buɗe muku?"