Furar da Asibi Ta Kai Lambu

Shekara biyu ke nan da ruwan Tiga ya cinye Rafin Gawo, amma Kulsumu ba ta daina kiran garin gida ba. Sabon matsugunin da aka yanka musu a ƙasar Bebeji, gidaje a jere kamar an ja su da igiya, ya ƙi shiga ranta. Mijinta Surajo ya bar noman gero ya koma sana'ar su, ita kuma ta koyi bandar kifi. Ko tana cikin hayaƙin, hankalinta na can baya: tsamiyar ƙofar gidansu inda ake ɗaure awaki, yashin rafi da suke tonawa su kwarfi ruwa da ƙoƙo, ɗinyar bayan gari mai baƙanta haƙora.

Ƙanwarta Asibi ce kaɗai ba ta taya ta wannan hira. Asibi kuwa kowa ya san halinta. Aure uku ta yi kafin ta cika ashirin da biyar. In ta so mutum, zanen jikinta ma sai ta ba shi. Gobe in ya yi jinkirin amsa gaisuwa, ta ce ya tsane ta, ta zage shi tas, ta yi kwana biyu ba ta ci abinci ba. Mijinta na ƙarshe ya je cin kasuwar Tudun Wada ya ƙara kwana ɗaya, ya dawo ya tarar ta farfasa tukwanenta kaf. An sha rubutu, an yi turare, wasu suka ce iska ce. Da aka sake ta, ta dawo gidan Kulsumu da zama.

Wata ranar bazara da hantsi suna bakin ruwa suna gyaran karfasa. Ruwa ya ja baya sosai, har kawunan wasu giginyoyi sun leƙo can nesa.

"Kin ga giginyoyin can?" in ji Kulsumu. "Na lambun Baba Shitu ne. Allah ya jiƙansa. Kin tuna gwandar da yake ba mu?"

Baba Shitu ƙanen mahaifinsu ne, ya rasu tun kafin a tashi garin.

Asibi ta ajiye wuƙa. "Yaya, kada ki ƙara yi masa addu'a a gabana."

"Subhanallahi! Me ya yi miki?"

"Wa ke kai masa fura?"

"Da ni ce. Daga baya ke."

"Shekarata tara. Kika ce ƙafarki na ciwo, kika ɗora mini ƙwaryar a ka." Idonta na kan ruwa, muryarta ko rawa ba ta yi. "A bukkar lambun nan ya ɓata ni. Rani biyu ana abu ɗaya. Ya ce in na faɗa, baƙin ciki zai kashe Inna. Ranar da na ce ba zan je ba, Inna ta tsinka mini mari."

Kulsumu ta saki kifin da ke hannunta. Sai ta tuno Asibi ta da, 'yar siririya mai zaƙin murya, wadda ke ba da waƙa a dandali manya na amshi. Ta tuno yadda waƙar ta ɗauke, yarinya ta koma fitsarin kwance da cizon yara, aka ce taurin kai ne.

"Asibi, ƙafata lafiya lau take ran nan. Kitso nake so in je."

"Na sani. Ba ke kika yi ba." Ta ɗauki wuƙarta. "Amma tun daga nan, in mutum ya yi mini kirki sai in zauna jiran abin da zai biyo baya. In ya juya mini baya kuma, sai in ji kamar an sake barina a bukkar. Kuna kukan ruwa ya ci gari, ni ranar na fara numfashi."

Kulsumu ta yi kuka har ta gode Allah. Asibi ba ta yi ba.

Maganar ba ta warkar da ita ba. Bayan kwana uku kacal sai ta ce wai tun da ta faɗa, Kulsumu ke yi mata kallon ƙyama. Ta ƙulle kayanta a zane ta nufi bakin titi, wai Kiru za ta, inda ba ta da kowa. Da can Kulsumu takan ƙyale ta ne har ta huce. Ran nan ta bar kifi a kan wuta, ta yafa mayafi ta bi ta, ta zauna kusa da ita a gindin wani marke.

"Ki koma, Yaya."

"In kin hau mota, tare za mu hau."

Mota ta zo ta wuce. Wata ta tsaya, direba ya yi ta kira, Asibi ba ta motsa ba. Sai da aka kira azahar ta miƙe, ta miƙa wa yayarta ƙullin kayan.

A hanya suna tafe, can Asibi ta ce, "Akwai abu ɗaya da nake kewa. Tumun da mahaifinmu ke gasa mana a gona da kaka, yana murzawa a tafinsa yana hurawa."

"Ke yake fara ba wa."

"Ni ce ƙarama ai."

Suka iso gida suka tarar rabin kifin ya ƙone. Surajo ya buɗe baki zai yi faɗa, Kulsumu ta dube shi, ya ɗauki komarsa ya fita.