Rijiyar Inno Ta Yi Ja

A cikin Birnin Damagaram idan ka tambayi gidan Idirisu baduku, sai an tsaya ana sosa ƙeya. Amma ka ce rijiyar Inno, kowa zai nuna maka lungun. Marigayi Idirisun ne ya sa aka haƙa ta a tsakar gidansa, sadaka, ya ce ba a rufe ƙofarsa ga mai tulu. Da ya rasu sai sunan ya koma kan matarsa. Garin da ke zaune a kan dutse kamar Damagaram ruwa ba abin wasa ba ne, saboda haka unguwa guda a nan take sha.

Inno ba ta da kowa. 'Yarta ɗaya tal, Ramlatu, ta tafi a daminar shekarar, cikin zawon da ya bi gida gida bai bar babba ba bai bar yaro ba. Abin da ya rage wa tsohuwar a duniya shi ne safiya. Tun kafin rana ta yi zafi mata ke cika gidan da tuluna, ana jan guga ana jan zance. Ita kuwa tana zaune bakin ɗaki, ƙafar da ke mata ciwo a miƙe, ana gaishe ta tana amsawa. Ga kuma Kulu, ƙawarta tun suna 'yan mata, mai bakin da ba ya raga wa kowa. Ita ba ta ma ɗaukar tulu, jikoki ke ɗauka. Zuwa take ta kife turmi ta zauna ta yi wa unguwa tas, daga limami har mai ƙosai. Idan suka watse da hantsi, abin da Inno ta ji shi take ta juyawa a ranta har wata safiyar.

Lokacin Faransawa ba su daɗe da zama a bariki ba. Zawon ya taɓa sojojinsu, sai lokotoronsu, wato likita, ya shiga bin rijiyoyin gari yana ɗibar ruwa a kwalabe. Ya zo gidan Inno, ya leƙa rijiya, ya leƙa bayan katanga inda ramukan masai na maƙwabta suke, ya girgiza kai ya tafi. Bayan kwanaki ya dawo da mai fassararsa, Alkasum, wani mutumin Zermu mai sanyin magana.

Alkasum ya durƙusa ya ce, "Iya, lokotoro ya ce akwai wasu ƙananan halittu a ruwa, ido ba ya ganinsu. Kowane ruwa yana da su. Amma akwai iyakar da cikin mutum ke ɗauka, naki ya wuce ta. Damina ta jiƙa ƙasa, abin da ke cikin masai ya bi ta ƙarƙashi ya shigo."

Kulu ta ce daga kan turminta, "Shi da yake ganin abin da ido ba ya gani, ya duba mini akuyata da ta ɓace bara."

Mata suka kwashe da dariya. Inno ba ta yi ba. Ta dubi Alkasum ta ce, "Ɗana, tambaye shi. Wannan abin yana kisa?"

Ya tambaya, ya juyo kansa a ƙasa. "Ya ce yana kisa, Iya."

Ramlatu ba ta taɓa shan wani ruwa ba sai wannan. Inno ba ta faɗa ba, amma duk wanda ke wurin ya san abin da ta tuna.

Zaɓi biyu aka ba ta, ko a cike rijiyar da duwatsu, ko a riƙa zuba mata magani kowace Alhamis. Wace mace ce za ta cike sadakar mijinta? Ta ce a zuba. Alkasum ya kwance wata 'yar takarda mai baƙin gari kamar kwalli, ya dama a guga ya zura. Da aka jawo gugan farko mata suka yi baya suna salati. Ruwan ya yi ja, kamar zoɓon da aka tsinka.

Ba a kai azahar ba maganar ta isa gun Malam Sha'ibu, ƙanen marigayi Idirisu, wanda unguwa ke kai wa tambaya. Ya zo da kansa, ya sa aka zuba masa a ƙoƙo, ya duba, ya sansana, ya ɗanɗana. Mutum ne mai adalci, bai ce guba ba ce, bai ce sihirin Nasara ba ne, ko da yake a waje an riga an faɗi duka biyun.

Ya ce, "Inno, mu ma muna da iyakarmu a kan ruwa, kuma ba yau muka same ta ba. Launi, ɗanɗano, ƙanshi. Muddin ɗayansu bai canza ba, ruwa yana nan da tsarkinsa. Wannan launinsa ya canza. A sha, a yi tuwo, babu laifi. Amma ba a alwala da shi, ba a wankan ibada."

"Allah gafarta Malam, to na da ɗin fa, wanda aka ce yana kisa?"

"Na da ɗin garau yake. Ni abin da ido ya gani nake hukunci da shi. Rai kuma a hannun Allah yake."

Shi ke nan. Wace mace ce za ta yi sawu biyu, tulun sha daban tulun alwala daban, ga daka ga yara? Kuma wa zai miƙa wa maigida jan ruwa a ƙoƙo? Ɗaya bayan ɗaya suka koma wata tsohuwar rijiya can kusa da majema, wadda lokotoro ya sa aka rufe da itace, mutane suka janye itacen tun bai kai bariki ba. Ruwanta fari tas, ka ga fuskarka a ciki.

Safiya ta zama kamar kowane lokaci a gidan Inno. Takan share tsakar gida, ta gyara igiyar guga, ta buɗe ƙofa ta zauna. Tana jin takun mata da hirarsu suna wucewa ta lungu, wata ta ɗaga murya ta ce, "Inno, an tashi lafiya?" ba tare da ta leƙo ba. Kewa ta kama ta, irin wadda ko mutuwar Idirisu ba ta sa mata ba, don a lokacin gidan cike yake. Ta fara magana da kaji. Alwala kuwa da guntun ruwan sama take yi, wanda ta tara a randa, tana tsimi da shi. Baƙonta ɗaya a mako, Alkasum, kuma shi ma ba ya zama. Ya zuba magani ya ce Allah ya ba da lada, ya wuce.

Kulu ce kaɗai ta riƙa zuwa, sai dai hira ba ta daɗi da mutum biyu idan ɗaya ta saba da taro. Wata ranar Laraba ta zauna a turminta ta ce, "Ke dai kin cika taurin kai. Gobe idan ɗan Nasaran nan ya zo, ki ce kin gode. Mu sa samari su yashe rijiya, kwana biyu ruwa ya dawo fari, gidanki ya cika. Lokotoro ba ya zuwa da kansa, wa zai gaya masa? Ko so kike ki mutu a nan kaji su yi miki zaman makoki?"

Inno ta dubi rijiyar. Wallahi tana so. Babu abin da take so a duniya irin ta sake jin ƙarar tuluna a gidan nan.

"Kulu, in na yi haka, duk ɗan da ya kwanta a unguwar nan ni zan riƙa ganin hannuna a ciki."

"To ai yanzu ma can suke sha, kuma ba su fasa rayuwa ba."

"Can ba ni na ba su ba."

Kulu ta tashi ta kakkaɓe zane. "Zauna da jan ruwanki, uwar lokotoro." Ta fita tana mita. Fushin Kulu ba ya kwana biyu, Inno ta san haka, don haka ba ta bi ta ba. Da Alhamis ta yi, ta miƙa wa Alkasum guga da hannunta.

Kulu ba ta dawo ba. Inno ta ɗauka fushin ne ya yi tsawo, ta ce bari mu ga wanda zai fara gajiya. Babu mai shigowa balle ya gaya mata cewa zawo ya kwantar da ƙawarta. Sai wata safiya ta ji kuka daga ƙarshen lungu, ta fito bakin ƙofa, wata mai wucewa ta ce mata, "Kulu ce, Allah ya yi mata cikawa."

A unguwar, idan aka yi rasuwa, maƙwabta kan kai ruwa gidan tun kafin a tambaya. Inno ba ta tsaya tunani ba. Ta koma ciki ta ja guga, ta cika tulu, ta ɗora a kai da ƙyar, abin da ta yi shekaru ba ta yi ba. Tana tafiya tana dafa katanga har ta isa.

Gidan cike yake da matan da suka saba cika nata. Aka yi mata hanya, aka sauke mata. Hajja, tsohuwar da ke wankan gawa, ta zo ta leƙa bakin tulun. Ta ɗago ta dubi Inno, ta rage murya don kada a ji.

"Sannu, 'yar uwa, Allah ya ba ki lada. Amma kin san da wannan ba ya yiwuwa."

Wata ta janye tulun ta jingina shi a zaure, kusa da takalma. Inno ta zauna a gefen tabarma, tana kallo aka shiga da farin ruwan majema ɗakin da Kulu take, tulu bayan tulu.

Bayan an fita da gawa mata suka fara watsewa, kowace ta ɗauki tulunta fayau ta rataya. Na Inno ne kaɗai da nauyi. Ta tsaya a zaure tana jiran wanda zai ɗora mata.