Hancin Issoufou

Wanda ya fara sana'ar tantance wiski da hanci a cikinmu 'yan ci-rani a ƙasar Larabawa shi ne marigayi Malam Harouna Tawa, a shekarar 1988, a wani gidan jakada. Shi ya kafa ƙa'idar da muke alfahari da ita: ma'aikacin tebur zai shaƙa, zai zuba wa baƙi, amma harshensa ba zai taɓa ba. Ban ce sana'ar ta halatta ba; ɗaliban ilimi sun sha gaya mana a masallacin unguwar Malaz. Na dai ce tana da iyaka, kuma Issoufou ne ya gaje ta.

Ni direban gidan ne, na san shi shekara ashirin. Wiskin da jakadan ke so irin na sha'ir zalla ne, kowace kwalba daga matatar wiski ɗaya. Issoufou kan ɗiga ruwa a kofin wiskin, ya jira, ya kai hanci, ya ce wannan hayaƙin jiƙaƙƙen itace ne da gishiri, wancan zuma da ɓawon lemo. Idan za a yi walimar ɗanɗano, yakan juye kwalabe uku a tulunan gilashi iri ɗaya, bai taɓa manna musu takarda ba, domin Malam Harouna bai manna ba.

A 2016 mura mai nauyi ta kama shi. Ta tafi, jin ƙamshi bai dawo ba. Ya ɓoye wata huɗu, yana haddace jerin tuluna daga dama zuwa hagu, har ranar da mai goge-goge ta ɗage su ta share tebur, ta mayar yadda ta ga dama.

Bayan la'asar na same shi tsaye a kansu. Ya ce da ni ko garwashi aka kai masa hanci ba zai ji ba. Ya je da ƙafarsa ya shaida wa jakada. Mutumin bai yi faɗa ba. Ya ce abin mai sauƙi ne, wiski mai hayaƙin ko yaro zai gane shi a baki, Issoufou ya ɗiga a harshe ya tofar, kwantiraginsa da iƙamarsa, wato izinin zamansa a ƙasar, su ci gaba.

Issoufou ya ce, "Ranka ya daɗe, hanci na sayar maka. Harshen ba nawa ba ne."

Aka zubar da tulunan uku, aka buɗe sababbi masu suna a jiki. Da wa'adin iƙama ya cika, aka ɗauko wani daga waje. Ni na kai Issoufou filin jirgi. A hanya ya sa na tsaya kasuwar Aziziya ya sayi lemo, ya ɓare ɗaya, ya daɗe yana shinshina, sannan ya miƙa mini.

Ga abin da ya koma gida Maraɗi da shi: hidimar jakadu shida, sunayen matatun wiski arba'in da ba wanda zai tambaye shi, akwati biyu, da harshen da ɗigo ɗaya bai taɓa ba.