Haƙorin Mai Busa Ƙaho

"Buɗe bakin sosai, Baba, ba cizon ka zan yi ba," in ji likitar.

Tsoho Don Eleuterio ya wage baki a kan kujera, hularsa a ƙirji. Maƙwabciyarsa Donya Herlinda tana tsaye bakin ƙofa ta harɗe hannu. Ita ta jawo shi nan kamar akuyar da za a kai kasuwa, bayan ta gaji da jin nishinsa ta bayan katanga kwana huɗu. Shekara talatin suna maƙwabtaka, kuma tun da matarsa ta rasu ita kaɗai ke iya yi masa tsawa ya ji.

Likita Yesenia ta ɗaga hoton haƙorin wajen haske.

"Ka gani? Turmin haƙorinka na ƙasa ya karye, saiwarsa ta lanƙwashe cikin ƙashi. Wannan ba na fizgewa ba ne. Sai na yi maka allurar kashe zafi, in tsaga dasashi, in raba shi biyu in fitar, sannan in ɗinke. Na fizgewa peso ɗari biyar ne, wannan dubu da ɗari takwas."

"Dubu da ɗari takwas! Na zinariya za ki sa mini a madadinsa?"

"Rufe mana baki, tsohon kawai," in ji Herlinda. "Ɗanka na Amurka ya riga ya turo kuɗin."

"Amma ba yau ba," likitar ta ci gaba. "Sukarinka ya hau, wurin kuma ya tara mugunya. Ka sha maganin nan, ka dawo Alhamis. Bayan aikin, mako biyu ba busa."

Tsoho ya miƙe zaune zumbur. Shi ne babban mai busa ƙaho na 'yan badujalar garin, bikin waliyyin gari kuwa saura kwana tara. Shekara arba'in da takwas bai taɓa fashi ba, har shekarar da ya karye a ƙafa, a kujera aka ɗauko shi ya busa.

"Wace irin magana ce wannan, 'yata?"

"In ka busa, jinin da ya daskare a ramin zai fice, ɗinkin ya ɓalle."

"To a bari sai bayan biki. Haƙorin da ya daɗe haka a bakina ba zai kasa jiran kwana tara ba."

"Baba, da ciwon sukarinka, mugunyar nan ba ta jiran kowa. Alhamis."

Maganin ya yi aiki, nan kuwa ɓarnar take. Kwana uku kumburi ya saɓe, mutumin ya koma cin wake da tortiya, wainar masarar garin, har yana neman ƙari. Ranar Alhamis da hantsi Herlinda ta yafa gyale ta shiga gidansa. Ta same shi ƙarƙashin bishiyar lemo yana goge ƙaho da tsumma.

"Tashi mu je."

"Ina? Ni da na warke? Duba kuncina, ya fi naki laushi."

"Wallahi kana da kunnen ƙashi, Eleuterio! Yanzu zan kira ɗanka in gaya masa."

Ya ajiye tsumman. Wasan ya bar fuskarsa.

"Herlinda, numfashina ya fara gajarta, ke ma kin ji. Baɗi yaran nan za su ce in zauna in huta. Wannan ne na ƙarshe. Ki bar ni in yi shi, Litinin da kaina zan riga ki zuwa ƙofar likita."

Wayar tana hannunta, lambar ɗan tana kan allo. Ta dube shi, ga shi duk ya tsufa cikin rigar da ta yi masa yawa, sai tausayi ya kama ta. Zuciya ba ta da ƙashi. Ta mayar da wayar aljihu ta ce, "Litinin fa." Ya ce, "Litinin."

Ranar Lahadi gari ya cika maƙil. Aka fito da mutum-mutumin waliyyin a kafaɗun maza, furanni ko'ina, yara na harba wuta sama. Eleuterio yana gaba cikin farar riga, ya busa tun daga coci har kasuwa har aka dawo, mutane na cewa tsohon nan bai taɓa yin irin na yau ba. Herlinda kuwa wuyansa take kallo. Ya ɗaura hankici ƙarƙashin haɓa, maɓallin wuyan rigar a buɗe, abin da bai taɓa yi ba a ranar biki.

Da aka gama ya zauna a matakalar coci, zufa na tsiyaya. Ta miƙa masa ruwa, ya kurɓa, ruwan ya ƙi wucewa. Ta janye hankicin. Ƙarƙashin haɓar ya kumbura ya yi tauri kamar katako.

"Wayyo Allah! Tun yaushe?"

"Shekaranjiya," ya ce, muryar kamar ba tasa ba.

A bayan motar ɗaukar kaya aka tafi da shi babban asibitin birni, tafiyar awa biyu, kansa a kan cinyarta. Likitoci suka tsaga wuyan suka fitar da mugunya, amma suka ce ta riga ta gangara ƙirji. Herlinda ta kira ɗan a ranar, tana kuka tana cewa laifinta ne.

Talata da la'asar tsohon ya buɗe ido ya yafito ta. Ta sunkuya sosai kafin ta ji.

"Na yi kuskure a busa?"

"Ko ɗaya, tsohon kawai. Ko ɗaya."

Ya lumshe ido. Kafin rana ta faɗi ya cika.

Ranar jana'iza 'yan badujala suka shige gaban akwatin gawar kamar yadda ake yi wa kowa, suka ɗauki kiɗan raka mamaci. Herlinda na biye a baya cikin baƙin gyale. Da suka hau gangaren maƙabarta aka zo wurin da babban ƙaho ke tashi shi kaɗai. Masu busa suka sauke nasu daga baki, kowa na kallon ƙasa. Babu wanda ya ɗauka. Mai ganga kaɗai ya ci gaba da bugawa a hankali, mutane na takawa, har wurin ya wuce.