Komawa Gida a Kan Tebur

Mahbub mutum ne mai riƙo, kuma ba abin da ya fi tsaya masa a rai kamar sunan da bai cika alkawarinsa ba. Tun yana jami'a ya kamu da son wani irin wasa da ake yi a kan tebur. Mutane za su zauna, kowa ya ɗauki wani jarumi ya zama shi, mutum ɗaya kuma ya riƙe labarin: shi ne zai faɗi abin da ke gabansu, shi ne zai ari bakin duk wanda suka gamu da shi a hanya. In ka ce za ka haye kogi ko za ka lallashi mai gadi, sai ka jefa dayis irin na lido, abin da ya fito shi ne rabonka.

Wasannin na Turawa ne, kowanne da littafinsa da sunansa mai cika baki, kuma a nan ne Mahbub yake hawa dokin zuciya. Akwai wanda sunansa ke nufin Birnin Aljanu. Suka yi wata da watanni suna fama da shi, ko ƙyallin aljani ba su gani ba, sai ƙirgar kibau da cinikin doki. Wani kuma an sa masa Ƙarshen Duniya, amma duniyar ta ƙi ƙarewa, 'yan wasan ne suka zame ɗaya bayan ɗaya don gajiya.

"Wannan ai damfara ce, abeg," in ji shi. "Ka rubuta tsire a jikin allo, in shigo ka miƙo mini ruwan zafi?"

Da ya gaji da mita sai ya ƙirƙiri nasa da Hausa, ya raɗa masa suna Komawa Gida, ya kuma ci alwashin nasa ba zai yi ƙarya ba. Dokar ba wuya: kowa ya faɗi garinsu, a tashi daga Legas a ɗauki hanya, ba a rufe wasan sai kowa ya taka ƙofar gidansu. Abin dariyar shi ne, mai wannan alwashin haifaffen Agege ne, a bayan layin dogo aka yanke masa cibiya. Arewa sau ɗaya ya taɓa ganinta, a bikin wani kawunsa a Kano, ya dawo yana ƙorafin zafi.

Ranar Lahadi bayan la'asar suke zama a falon mahaifiyarsa, Umma. Da farko ta ɗauka caca ce, ta tsaya a kansu da ludayi a hannu, har sai da ta tabbatar ba abin da ake ci sai gyaɗarta. Akwai ƙanwarsa Mufida mai karatun jinya, akwai abokinsa Khamisu mai kai saƙo a babur. Na ukunsu shi ne Badaru.

Badaru ɗan dako ne a kasuwar Mile 12, sa'an Mahbub ne a shekaru, sai dai buhunan albasa sun riga sun ranƙwafar masa da wuya. Wata Lahadi ya kawo wa Umma cefane daga rumfar maigidanta, baban Mahbub, ya ji Mahbub yana kwaikwayon muryar direban tirela, ya tsaya da buhu a kafaɗa har ya manta da saukewa. Aka ba shi kujera. Da aka ce ya zaɓi sunan jaruminsa, sai ya girgiza kai.

"Ni Badaru nike, oga Mahbub. In an tai gida da sunan wani, wa za ya gane ni?"

Suka yi dariya suka ƙyale shi. Ba a jima ba ya fi su duka iya wasan. Mufida ta zaɓi Zariya don can kakarsu take, Khamisu ya zaɓi Gashuwa, amma abin da suka sani game da garuruwan bai wuce abin da waya ta nuna musu ba. Shi kuwa Badaru in ya fara zancen Tungar Baure, ƙauyensu a can cikin Zamfara, har gyaɗar ake mantawa da ita. Ya san inda hanyar mota ta ƙare aka koma ta ƙafa. Ya san rijiyar da ruwanta ke da gardi da wadda ake bar wa shanu, da tsamiyar da ke ƙofar gidansu, da turmin Innarsa mai tsage a gefe wanda aka ɗaure da waya. Sallah nawa ta wuce bai je ba, domin 'yan bindiga sun tare hanyar, wanda ya shiga ba shi da tabbacin fita. Bai cika son wannan zancen ba, su ma ba sa tono shi.

Sai dai dayis ba ya ƙaunar Badaru. Mufida ta isa Zariya, Khamisu ya isa Gashuwa har ya ci kifi, shi kuwa motarsa ta lalace a Ilori, ta sake lalacewa a Jebba, a Kwantagora aka sace masa takalmi. Kullum zai yi dariya ya ce ba komai, wani makon. Mahbub yana iya sassauta masa, amma shi mutum ne mai taurin kai a kan doka, a ganinsa in aka taɓa dayis an ɓata wasa.

Ranar wata Juma'a, suna fitowa daga masallaci, Khamisu ya ja Mahbub gefe ya ce Innar Badaru ta rasu. Zazzaɓi ne, ba a samu fita da ita zuwa asibiti ba. Sai da aka binne ta sannan wani ya hau tudu ya samu sabis ya kira. Suka shiga motar haya ta danfo suka je Mile 12, suka same shi a bayan rumfa a kan tabarma, 'yan garinsu sun kewaye shi. Suka yi masa ta'aziyya, ya amsa da kai a sunkuye. Mahbub ya dawo gida ya tattara kayan wasan ya cusa a ƙarƙashin gado.

Bayan an yi sadakar bakwai, ranar Lahadi, sai ga sallama a ƙofa. Badaru ne, sanye da rigarsa ta Juma'a, an wanke an goge. Ya durƙusa ya gaida Umma, ta yi masa addu'a mai tsawo. Sannan ya ja kujerarsa ta kullum ya zauna.

"A ƙarasa, oga Mahbub."

"Haba Badaru, ai ba yau ba. Ka bari sai hankalinka ya kwanta."

"Kai kac ce ba a rufewa sai kowa ya kai. Ni ɗai nir rage."

Mahbub ya dubi Mufida, ta kawar da kai. Ya kira Khamisu a waya, da ya iso sai ya shiga ɗaki ya jawo kayan. Tsoro ne ya kama shi, tsoro na gaske, domin saura jifa ɗaya tsakanin Badaru da gida, rafin da ke bayan ƙauyen, kuma in dayis ya ƙi, bai san da wane baki zai faɗa masa ba. A karo na farko ya yi niyyar yin maguɗi, sai dai a fili ake jefawa, kowa na gani.

Badaru ya girgiza dayis a tafinsa mai kanta, ya yi bisimilla ya saki. Ya gangara ya bugi kwanon gyaɗa ya tsaya a kan shida. Khamisu ya buga tebur ya ce Allahu Akbar, sannan ya tuna halin da ake ciki ya yi tsit.

Mahbub ya ji kamar an sauke masa dutse daga ƙirji. Ya gyara murya ya fara, yana mayar wa Badaru duk abin da ya taɓa ba su. Ka haye rafin, ruwan ya tsaya maka a gwiwa. Ga gonakin gero sun yi kai. Ga rijiyar shanu, yara sun hango ka sun ruga da gudu suna shela. Ga tsamiya. Kana jin sautin daka daga cikin gida. Badaru ya lumshe ido, hannayensa a kan gwiwa.

Saura shiga gida, kuma mai riƙe da labari shi ke arar bakin kowa. Mahbub ya yi abin da ya sani. Shi ɗan fari ne, kuma Umma tun daga bakin titi take ƙwala masa kira da sunansa, in ya yi tafiyar kwana biyu ta rungume shi a gaban kowa. Ya siranta murya ya ce, "Inna ta yar da taɓarya ta taho da gudu, ta rungume ka tana cewa, Badaru! Badaru ɗana, ka dawo?"

Badaru ya buɗe ido.

"A'a," ya ce a hankali. "Wagga ba Innata ba ce."

Ya dubi Mahbub ya ci gaba.

"Ni ɗan fari ne, oga Mahbub. Mu can uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, kunya ce. Tun da aka haihe ni ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ko kallona ba ta yi in da mutane. In na dawo daga tafiya, tana jin sallamata, ba ta waigowa. Sai dai dakan ya canza, ya ƙara sauri. Sannan ta ce ma ƙanwata Baiwa, ke, kai ma wancan ruwa."

Kunya ta rufe Mahbub har ya rasa inda zai sa idonsa. Ya yi wata da watanni yana zagin Turawa a kan suna, ga shi ya kai mutum har ƙofar gida ya haɗa shi da baƙuwa. Ya ce a yi haƙuri, a koma bakin tsamiya. Wannan karon bai ƙawata komai ba.

"Ka yi sallama. Tana tsakar gida, ta ba ka baya, tana daka a turmin nan mai waya. Ba ta waigo ba." Ya sa gefen hannunsa yana bugun tebur a hankali, sannan ya ƙara sauri. "Ta ce, ke Baiwa, kai ma wancan ruwa."

Mufida ta tashi ba wanda ya sa ta, ta ɗebo ruwa a kofi, ta durƙusa ta ajiye a gabansa. Badaru ya ɗauka da hannu biyu ya sha, har ruwan ya zuba masa a riga.

"Haka take," ya ce. "Wallahi haka take."

Jirgin ƙasa ya zo wucewa ta bayan gida, tagogi suka ɗauki rawa har ƙararsa ta yi nisa. Khamisu ya ja hularsa ya rufe fuska. Mahbub ya zauna yana kallon dayis ɗin, baƙin ciki ya cika shi, ya ji ya tsani sunan da ya sa wa wasan nan da duk cika bakin da ya yi a kansa. Ya miƙa hannu zai tattara kayan, sai Badaru ya dafe masa hannu.

"Oga Mahbub, maishe ni bakin tsamiya."

"Ai ka iso, Badaru. An gama."

"Na sani. Na farin nike so ka sake. Wanda ba daidai ba." Ya share fuska da bakin rigarsa. "Sau guda ɗai. In ji yadda za ya fito."

Mahbub ya buɗe baki. Muryar da ta fito siririya ce, ba ta yi kama da ta kowa ba.

"Badaru."

Badaru ya sunkuyar da kai ƙasa.

"Na'am, Inna."