Birkin Ƙafar Noeline

Ranar da likitan ido ya ce Clarrie Pfitzner ya gama tuƙi, bai yi gardama ba. Ya sa hularsa ya fito. Shekararsa saba'in da huɗu, kuma tun yana da ashirin da bakwai mota ɗaya yake ja: Holden fara mai koren rufi, ƙirar 1964, birkin diram a ƙafa huɗu.

Gidansu yana kan tudu, kilomita tara daga garin Burra. Ba bas, ba tasi, sai tumaki. Matarsa Noeline tana da lasin, amma rabonta da sitiyari ya kai shekara ashirin. 'Yarsu da ke birnin Adelaide ta yanke hukunci ta waya: a sayar da tsohuwar mota, a sayi ƙarama mai canja giya da kanta. Noeline ta ce a ba ta wata ɗaya. In ta iya sauko da Holden daga tudun nan ta tsayar da ita a bakin kwalta, mota ta zauna. In ta kasa, a sayar.

Ana cikin haka mastar birki, wato 'yar tukunyar da ke tura man birki, ta fara yoyo. Clarrie bai ga man ba, ƙasan takalminsa ne ya ji santsi. Ranar Lahadi wani maƙwabci ya rage masa hanya zuwa kasuwar tsofaffin kayan mota da ke ci a filin ƙwallo. Ya bi tebur-tebur yana laluba, har hannunsa ya faɗa kan wata masta sabuwa fil, mai nauyi, mai faɗin rami. A ransa ya ce, ƙafar Noeline ba ƙarfi, to a ba ta babba. Ya biya bai nemi ragi ba.

Kwana biyu ya yi yana ɗaura ta. Da aka zo fitar da iska daga layin birki, dole sai mutum biyu: ɗaya a kujera yana taka birki, ɗaya a ƙasa yana kwance noti. Noeline ta hau kujera da kofin shayinta.

"Taka. Taka. Taka. Riƙe!"

"Na riƙe."

"Saki."

"Na saki. Kai dai ka iya ba da oda, kamar wani sajan."

"Taka, tsohuwa, ban da surutu."

Suka yi tayar baya ta hagu, ta dama, suka dawo gaba. Yayin da iska take fita, fedal yana ƙara tauri. Surutun Noeline ya ragu, can ya ɗauke gaba ɗaya. Clarrie yana kwance a ƙasa ya ji numfashinta yana fita da ƙyar. Ya jawo jiki ya fito, ya miƙa hannu ta ƙofa. Ƙafafunta biyu duka suna kan fedal. Gwiwarta ta dama tana rawa a ƙarƙashin tafinsa.

"Me ye haka?"

"Ba komai. Koma ka gama."

Da suka gwada a tsakar gida, motar tana tafiyar hawainiya, amma sai da ta sumbaci damin ciyawa sannan ta tsaya. Noeline ta kashe inji.

"Ba laifin motar ba ne, Clarrie. Ƙafar ce ta ƙare. Ka kira yarinyar nan ka ce ta yi gaskiya."

Bai kira yarinya ba. Athol Menzel ya kira, mai gyaran birki a Burra, wanda suka yi firamare tare. Washegari da hantsi Athol ya iso, ya buɗe bonet, ya duba, ya tuntsire da dariya.

"Mutumina, likita ido kawai ya ce, ko har da ƙwaƙwalwa?"

"Sabuwa ce. Babba ce."

"Babba ce mana. Tirela za ka tsayar? Babban rami mai da yawa yake turawa, amma ƙafa yake ci. Ka ba matarka dutse ka ce ta taka. Ni kaina da wannan tumbin sai na miƙe tsaye."

Athol ya nuna mastar da yatsa, ya ci gaba.

"Kuma ba ta motarka ba ce ma. Ta mai birkin faifai ce. Ta diram akwai ɗan bawul a bakinta, shi ke riƙe ɗan matsi a layi don kada robobin ƙafa su saki su sha iska. Wannan babu. Mota ta kwana uku a ajiye, ka zo ka taka ka ji ba kowa a gida."

Noeline tana tsaye da farantin biskit. Ta ce, "Wato ba ƙafata ba ce?"

"Ƙafarki lafiya lau, Noeline. Mijinki ne ke buƙatar gyara, shi kuma ba a samun kayansa."

Athol ya ɗauko masta guda biyu daga bayan motarsa, ya ɗora su a kan benci. Dukansu na diram ne, da bawul ɗinsu. Ya kama hannun Clarrie ya sa yatsansa a ramin ta farko.

"Wannan daidai take da wadda ta zo da motar. Ka ɗaura ka manta da ita. Fedal zai dawo yadda ka san shi."

Ya matsar da yatsan zuwa ta biyun.

"Wannan ta fi ƙanƙanta kaɗan. Fedal zai yi laushi, amma zai yi nisa kafin ya kama. Kuma tana da sharaɗi. Dole shu, ƙarfen nan da ke matse diram a cikin taya, ya zauna dab da diram kullum. Ka bari ya ci ya yi nisa, fedal ya kai ƙasa. Duk wata sai an shiga ƙarƙashi an ɗaure, ƙafa huɗu. Ni kuma ba zan riƙa hawo tudun nan duk wata ba."

Clarrie ya juya ta farkon a hannunsa. Shekara arba'in da bakwai ƙafarsa ta san wannan fedal ɗin, inda yake kamawa, yadda yake turo mutum. Ya ajiye ta. Ya ɗauki ƙaramar.

"Ɗaure shu ba aikin ido ba ne. Ka juya taya, ka ji ta fara gogawa, ka sassauta kaɗan. Kunnena ƙalau yake."

"Duk wata fa, Clarrie," in ji Noeline. "Da wannan bayan naka."

"Wane aiki nake da shi?"

Athol ya cinye biskit huɗu, ya taya su fitar da iska, ya zagaya da motar sau biyu a tsakar gida, ya tafi.

Ranar Juma'a da safe Noeline ta sa gilashinta, ta cusa matashi a bayanta. Clarrie ya zagaya ya shiga ɗaya gefen, inda bai taɓa zama ba. Kujerar ma wata iri ya ji ta. Suka wuce ƙofar shinge, hanya ta fara gangarawa. Ba ya ganin komai sai hasken rana da duhun itatuwa, amma jikinsa ya san kowace kwana. Ya ji ta sauko giya biyu. Ya ji tsakuwa tana ƙara a ƙarƙashi. Ya san saura kwana ɗaya, sannan kwalta, inda manyan motocin alkama suke wucewa ba sa kallon kowa.

Gaban motar ya ɗan sunkuya. Ta rage, ta rage, ta tsaya cak. Wata babbar mota ta wuce ta gabansu, iskarta ta girgiza gilashi.

Noeline ta sauke numfashi. Ta dubi ƙasa wajensa.

"Clarrie."

"Na'am."

"Ɗage ƙafarka. Babu birki a nan gefen, za ka huda mini mota."

Ya ɗage ƙafar. Ya share ido da bayan hannu, ya ce rana ce.

"Hagu ko dama?" ta tambaya.

"Ke ce direba."

Ta kunna sigina, ta hau kwalta.