Ranar da Curtis Ya Rage Haƙora

Na fi shekara talatin ina tsayuwa a jikin tudun Haugen, ƙugiya a hannu, igiya ɗaure a ƙuguna. Mu ne masu cafka. A gasar hawan tudu da babur, idan babur ya gaza a hawa ya yi niyyar dawowa da baya, aikinmu mu saƙala masa ƙugiya kafin ya gangaro ya bi ta kan mai shi. Duk wanda ya yi wannan tsayuwa ya ga abubuwa. Na ga ƙarti suna kuka da hawaye, na ga babur ya tashi sama ba kowa a kansa ya faɗo gida biyu. Amma abin da na gani ranar Lahadin ƙarshe, har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

Lahadin ƙarshe ce da gaske. Tsoho Haugen ya rasu, 'ya'yansa da ke birni suka sayar da gonar ga masu haƙar tsakuwa, aka ce da kaka motocinsu za su fara cin tudun. Saboda haka duk mai babur ɗin hawa a gabashin jihar Montana ya zo, har da waɗanda suka daɗe da ajiye hular kwano.

Tudun ba tsawonsa ne abin tsoro ba. Abin tsoro shi ne Leɓe. Can sama, saura kaɗan a kai ƙoli, wani ruwan sama ya taɓa zaftare ƙasa ya bar gaɓa a tsaye, ta fi tsayin mutum, bakinta ya ɗan zazzago waje. Tun daga wannan zaftara ba wanda ya sake haurawa. A gindin Leɓe nake tsayawa, domin nan kowa ke ƙarewa.

A cikin masu ƙarewa a nan ba wanda na cafke sau da yawa kamar Curtis Bjelland. Direban motar shanu ne, ya ba arba'in baya, ba shi da yawan magana. Ya fara hawa ne a shekarar da ƙasar ta zaftare, don haka bai taɓa haura tudun ba ko sau ɗaya. Shekara goma da wani abu yana zuwa, yana faɗuwa a wuri ɗaya, yana karkaɗe riga, yana cewa, "Sai baɗi, Kawu Orval." To bana babu baɗi. Kowa hawa biyu ake ba shi, daga nan an rufe.

Muna da wata ƙa'ida da muka gada wurin na gaba: in ka faɗi, ƙara haƙori. Faifan haƙoran da sarƙa ke ja a tayar baya, in ka girmama shi babur ya ƙara ƙarfin ja, gudu ya ragu. In ka ƙanƙanta shi gudu ya ƙaru, ƙarfi ya ragu. Tudu kuwa ƙarfi yake so, wannan ko jariri ya sani. Curtis ya bi ƙa'idar nan kamar addini. Kowace shekara yayarsa Marlys, wadda ita ce bakanikensa, sai ta ɗaura masa faifan da ya fi na bara. Wanda ya faɗi da shi kuma su kafe shi da ƙusa a bangon tirelar da suke ɗauko babur a ciki, a jere, daga ƙarami zuwa babba. Na bana ya kai tiren da ake kawo wa baƙi abinci.

Da hantsi ya yi hawan farko. Ya taho da ƙara kamar ana yanka alade, tayar baya tana watso ƙasa. Ya iso gindin Leɓe, tayar gaba ta daki gaɓar, ta baya ta haƙa rami ta zauna. Babur ya miƙe tsaye, Curtis ya sake shi ya faɗi gefe, na saƙala ƙugiya. Irin na kullum.

Sai dai wannan karon bai tashi ba. Yana kwance rigingine yana kallon sama.

"Ka karye ne, ɗan nan?"

"Kawu, ka ji shi?"

"Na ji wa?"

"Injin. Tun ina wajen jan dutsen can ya ƙure murya. Na murɗa, babu sauran abin murɗawa."

"Tashi ka ba mutane wuri," na ce. "Akwai na bayanka."

Da aka tsaya cin abincin rana na sauko, na karɓi naman sa da masara gasasshiya, na bi ta wajen tirelarsu. Na tarar da Lyle Dombrowski ya riga ni. Lyle ya haura tudun sau biyu kafin zaftara, kuma ba ya barin kowa ya manta.

"Marlys," yake cewa, "in kin ƙara masa haƙora bana, sai dai ki cire tayar ki bar faifan ya riƙa tafiya a kansa."

"Kai fa, Lyle? Naka na baki ma sun zube, me za ka ƙara?"

Curtis yana tsaye gaban bangon faifan nan, hannu a aljihu. Can ya ɗauko hama, ya wuce manyan, ya wuce na tsakiya, ya zare ƙusar wani ƙarami mai tsatsa, na shekararsa ta uku. Ya miƙa wa yayarsa.

"Yaya, ɗaura min wannan."

Marlys ta juya shi a hannu. "Wannan ai ya gaza na yanzu da haƙora wajen takwas. Rana ce ta buge ka?"

"Ɗaura dai."

Lyle ya yi dariya har da riƙe ciki. "Jama'a ku zo ku gani! Yaro zai tafi tseren titi a jikin bango."

Ni ban yi dariya ba, domin ni ne mai tsayuwa a wurin. Na ajiye farantina na ce, "Curtis, ba a fafe gora ranar tafiya. Da babban faifai, in ka gaza, babur haƙa rami yake ya zauna, in cafke shi. Da wannan za ka iso min da gudun da ƙugiya ba ta kamawa. In ka daki gaɓar nan, kai da babur tare za ku dawo, kuma shi ne a sama."

"Na sani, Kawu."

"In ma Allah ya sa ka haura, saman Leɓe ya fi ƙasansa tsayuwa. Ka sauka can ba ƙarfi, inji ya shaƙe ya mutu. Can kuma babu mai cafka, igiyarmu ba ta kaiwa."

"Wannan ma na sani." Ya zauna kan taya yana sosa ƙeya. "Shekara da shekaru ina son in hau Leɓe. Yau ina kwance na dube shi daga ƙasa. Bakinsa waje yake, Kawu. Ko haƙora ɗari na sa, taya ba za ta hau abin da ya zazzago kanta ba. Akwai ɗan tozo kafin gindinsa, wanda kullum muke bi a hankali. In na iso tozon nan da gudu, shi zai cilla ni."

"Cilla ka ina?"

"Sama, ina fata."

Marlys ta daɗe tana kallon ƙaninta. Ita ta goya shi bayan uwarsu ta rasu, ita ta sha kai shi asibiti. Na zaci za ta wurgar da faifan cikin ciyawa. Sai ta ce, "Sarƙar za ta yi tsawo. Miƙo min abin yanka." Ta tsuguna, ta ƙara da cewa, "In ka mutu, wallahi ba zan kula da karenka ba."

Na tsaya na ga aikin. Ta kwance tayar, ta cire tiren nan, ta goge tsatsar ƙaramin da burushin waya, ta duba haƙoransa ɗaya ɗaya da babban yatsa ko akwai wanda ya lanƙwashe. Ta cire 'ya'yan sarƙa, ta haɗa, ta ja tayar baya har sarƙar ta ɗame daidai. Ta ɗaure notin ƙarshe. Lyle ma ya daina surutu, shi ya riƙe mata babur ɗin.

Na koma sama. Na ce wa sauran masu cafka su ja baya daga layin, kowa ya gajarta igiyarsa. Rana ta karkata, zafi yana tasowa daga ƙasa. Mutum bayan mutum suka zo, suka haƙa raminsu a gindin Leɓe, muka cafke, aka auna inda kowa ya kai, aka faɗa a lasifika. Sannan aka kira Curtis Bjelland.

Daga inda nake, mutanen ƙasa kamar tururuwa suke. Na ga ya ja baya har jikin katakon da ake farawa daga gare shi, ya tsaya. Ya saki kuloci.

Tashinsa ba daɗin ji. Inda aka saba jin ihu, sai aka ji gurnani, babur yana tafiya kamar an ɗaura masa kaya. Na ji jama'a sun yi "ayya" daga ƙasa. Na ce a raina, shi ke nan, ko rabin tudu ba zai kai ba, kuma gara haka.

Amma gurnanin bai tsaya ba. Hawa yake yi. A hankali muryar ta fara tashi, tana tashi, kuma ba ta ƙure ba. Ƙasar da tayarsa ke watsowa ba ta da yawa, domin ba haƙa yake ba, tafiya yake. Ya wuce rabi. Ya wuce jan dutsen, inda da safe injin ya gama abin da yake da shi, yanzu kuwa a nan ya fara buɗe maƙogwaro. A duk tsayuwata ban taɓa ganin abu ya nufo ni da irin wannan gudu daga ƙasa ba. Babur a wurin nan rarrafe yake isowa. Wannan tahowa yake kamar gangara ce a gabansa.

Na ɗaga ƙugiya don sabo. Ya daki tozon.

Ban san yadda zan faɗa muku ba. Ƙara ta canza, domin taya ta bar ƙasa. Inuwa ta gifta ta kaina. Na ɗaga kai, na ga cikin babur daga ƙasa, na ga sarƙa tana gudu a kan ɗan faifan nan mai tsatsa, na ga tafin takalminsa na hagu, bayansu kuma sararin sama, shuɗi, ba komai. Babur ɗin da nake ja da igiya duk shekara, mu huɗu muna nishi, shi ne a sama da ni ba abin da ke riƙe da shi. Tsakuwa ta zubo min a fuska. Ban ko rufe ido ba.

Tayar baya ta sauka a bakin Leɓe, daidai baki. Wani ɓangaren gaɓar ya ɓalle ya faɗo kusa da ƙafata. Daga nan ban ƙara ganinsa ba, sai ji.

Abin da na faɗa masa kuwa shi ya faru. Injin ya shaƙe. Bub. Bub. Bub. Tsakanin kowane bugu da na gaba mutum zai iya yin addu'a, kuma na yi. Duk filin nan, dubban mutane, ba mai tari. Na ji ya taɓa kuloci, injin ya yi kuka, ya sake, ya koma bub, bub. Ya sake taɓawa. Ƙura tana gangarowa ta kan Leɓe, ina jiran in ga taya ta biyo ta.

Sai ƙarar ta yi nisa. Ta miƙe, ta yi laushi, irin ta babur da ke tafiya a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Sannan aka kashe injin.

Ihun da ya taso daga ƙasa sai da na ji shi a ƙirjina. Motoci suka ɗau oda. An ce Lyle ya jefa hularsa sama bai ƙara ganinta ba, Marlys kuwa ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da hannu mai baƙin mai. Ni ban ga wannan ba. Na kwance igiyata, abin da mai cafka ba ya yi, na bi ta gefen gaɓar da hannu da gwiwa, da tsufana, har na fita ƙoli.

Yana zaune a kan babur, ya cire hular kwano ya ɗora a tanki. Mai riƙe da tutar gasa a ƙoli yana ta bubbuga masa baya, shi kuwa bai ma san ana yi ba. Gabansa ƙasa ce a shimfiɗe har ƙarshen gani, gonakin alkama sun yi ruwan zinariya, kogi yana walƙiya can nesa, inuwar girgije tana tafiya a kansu a hankali. Iska ce kawai ke motsi. Na tsaya gefensa ina haki.

Sannan ya juyo, idonsa jawur, ya duba hagu, ya duba dama.

"Kawu Orval," ya ce, "ta ina ake sauka?"

Na nuna masa 'yar hanyar shanu da ta bi ta bayan tudun. Ya ce ƙafafunsa ba za su iya taka giya ba tukuna. Sai muka kama babur ɗin, shi a hagu ni a dama, muka gangara da shi a ƙasa.